Kakanmu da Aka Ce Ya Yi Shahada a Burmi

Tun ina yaro na tashi da labari guda ɗaya a kan kakan mahaifina, kuma labarin gajere ne ƙwarai. An ce malami ne mai rubuta Alƙur'ani da hannu a wani gida da ke kusa da Madabo a cikin birnin Kano, kuma lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fito ya nufi gabas da niyyar hijira, sai shi ma ya ɗauki gafakarsa ya bi ayarin sa'ad da ya ratsa ƙasar Kano, ya yi shahada a Burmi ranar da aka kashe Sarkin Musulmi. Ya bar matarsa da cikin wata shida, kuma cikin nan shi ne kakana, wanda aka sa mini sunansa. A gidanmu ba a taɓa ba da wannan labari da baƙin ciki ba, da alfahari ake ba da shi, domin duk sa'ad da yaro ya yi ragwanci a makarantar allo sai an tuna masa cewa jinin shahidi ne a jikinsa. Ni ma da haka na yi wa 'ya'yana faɗa, kuma ban taɓa tambayar kowa wane ne ya ga gawarsa ba.

Abin da ya tayar da ni shi ne azumin 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda annobar korona, dattawa suka riƙa rasuwa ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu har da Baffana, yayan mahaifina, wanda shi ne ma'ajin nasabar gidanmu. Idan aka kawo maganar aure daga wani gida, shi ake tambaya, ya rufe ido ya jero inda muka haɗu da su da inda muka rabu, har ya faɗi wadda ta shayar da wa. Ba mu taɓa rubuta komai daga bakinsa ba, domin muna ganin kullum yana nan. Bayan an yi sadakar bakwai, a yadda hali ya bari a lokacin, aka buɗe adakarsa, sai muka tarar da gafaka ta jar fata wadda ta bushe har ta fara tsagewa, a cikinta akwai Alƙur'ani warƙa-warƙa, rubutun hannu da baƙar tawada, wasulla da ja, alamar hamza da rawaya. A warƙar ƙarshe marubucin ya sa sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, ya roƙi gafara ga iyayensa da malamansa, sa'an nan ya rubuta shekara, amma danshi ya cinye lambobin.

Shekarar nan kawai nake so a karanta mini. Na ɗauki hoton warƙar da waya, na sa a Facebook inda masu sha'awar tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci suke taimakon juna, na roƙi wanda idonsa ya fi nawa ya duba. Mutane da yawa sun yi ƙoƙari, wani malami daga Zariya ya nuna mini dabarar haska fitila daga gefen takarda don a ga inda alƙalami ya danna, kuma da wannan dabara muka karanta 1318 bayan hijira, wato kusan 1900. Na yi godiya, na ɗauka magana ta ƙare. Bayan kimanin mako biyar sai ga saƙo daga wani saurayi ɗalibi a Wad Madani ta ƙasar Sudan, rabinsa Larabci rabinsa Hausa da haruffan Larabci. Ya ce a gidan kakansa a Mai Wurno, wani gari a can Sudan, akwai littafin fiƙihu na rubutun hannu, kuma sunayen nan uku da ke jikin hotona su ne a ƙarshensa, a jere ɗaya, sai dai shekarar da ke jikin nasu ita ce 1331, wato 1913, shekara goma bayan yaƙin Burmi.

Ban gaskata ba, kuma har yanzu ina ganin na yi daidai da ban yi saurin gaskatawa ba. Duk wanda ya taɓa bin nasabar Hausawa ya san cewa sunayen yanka ba su da yawa, ana iya samun Muhammadu ɗan Abubakar ɗan Usmanu goma a unguwa ɗaya, kuma mutum yakan rayu ya mutu ba a san shi da sunan yanka ba sai da laƙabi, saboda alkunya da ta hana mace faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Ban da haka, kafin wannan saƙo wani mutum ya riga ya tuntuɓe ni ya ce shi ɗan'uwanmu ne daga Barno, ya jero mini labarin da ya tsinta daga abin da ni da kaina na rubuta, a kwana na uku ya nemi kuɗin mota don ya kawo mini takardun da ya ce suna hannunsa. Saboda haka sai na ce wa saurayin ya ɗauko mini hoton warƙar ƙarshe da wasu warƙoƙi daga tsakiya, ni kuma ban gaya masa komai game da unguwarmu ko sana'ar gidanmu ba.

Da hotunan suka iso na kai su wurin wani tsohon alaramma da ya shafe shekaru yana rubutun Alƙur'ani, na jera masa su tare da namu ba tare da na gaya masa wanne ne daga ina ba. Rubutun duka irin namu ne na ƙasar Hausa, fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, wanda saurayin ya ce shi ma da ƙyar yake karanta shi domin ba irinsa aka koya musu a makaranta ba. Amma wannan bai isa hujja ba, tun da dubban malamai haka suke rubutu. Abin da alaramman ya tsaya a kai shi ne wutsiyar harafin nun a ƙarshen kalma, wadda marubucin yake jan ta ƙasa ya lanƙwaso ta har ta kusa taɓa layin da ke biye, da kuma wani ɗan zane mai kama da ganyen kuka da yake cike gurbi da shi idan layi bai cika ba. Ya daɗe yana jujjuya wayar, sa'an nan ya ce hannu ɗaya ne, sai dai a na biyun mai hannun ya fara manyanta kuma takardar ba irin ta farko ba ce. Na fito daga zaurensa ƙafafuna suna rawa.

Daga nan ne aikin ya zama na taro. Muna da zauren WhatsApp na dangi wanda ba a amfani da shi sai don sanarwar biki da suna da rasuwa, to sai muka buɗe wani daban, muka sa mutum goma sha ɗaya waɗanda za su iya zama da tsofaffi su yi tambaya da haƙuri. Wata ƙanwata da ke koyarwa a makarantar sakandare ta kawo ƙa'idar da ta cece mu daga ruɗani, ta ce duk abin da za a shigar a rubuta shi tare da inda ya fito, ko an gani a takarda, ko an ji daga bakin wane wanda shi kuma ya ji daga wane, ko kuwa zato ne kawai. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin haka malaman hadisi suke yi da isnadi, amma ba mu taɓa tunanin yin haka da labarin gida ba. Ta buɗe jadawali a Google wanda kowa yake iya gani daga inda yake, muka kuma yarda cewa muryar tsoho ba a taƙaita ta, a turo ta yadda take, da tarinta da kewaye-kewayenta, domin sau da yawa abin da ake nema yana cikin kewayen ne.

Wannan ƙa'ida ta jawo mana ɓacin rai kafin ta kawo amfani. Akwai wani kawunmu da ya daɗe yana cewa asalinmu daga gidan sarauta ne, da muka tambaye shi daga wa ya ji, sai ya ce kowa ya sani, da muka sa maganarsa a layin zato sai ya yi fushi ya fita daga zauren, sai da aka je har gida aka ba shi haƙuri. Ni kaina na so ƙwarai a ce mun fito daga wani babban waliyyi, kamar yadda kusan kowane gida a birni yake da labarin kakan da ya zo daga Bagadaza ko Masar ko Malle, amma abin da muka iya tabbatarwa bai wuce kakanni shida ba, kuma na shidan ba mu san komai a kansa ba sai suna. An kuma kawo shawarar gwajin ƙwayar halitta, dattawa suka ƙi, suka ce shari'a ta riga ta ce ɗa na mai shimfiɗa ne, ba za su buɗe ƙofar da ba su san abin da ke bayanta ba. Ban yi musu da su ba, kuma daga baya na ga cewa takarda da baki sun ishe mu.

Ranar da na fara magana da kakan saurayin nan ta kiran bidiyo, na ga dattijo siriri da farar jallabiya da rawani irin na mutanen Sudan, yana zaune a kan gadon igiya. Na gaishe shi da Larabcin makaranta, sai ya yi dariya ya amsa da Hausa mai ɗanɗanon Sakkwatanci, wadda kalmomin Larabci suka ratsa ta ko'ina. Na ce, "Baba, me kuka ji game da inda kakanku ya fito?" Ya ce kakansu ba ya yawan magana a kan Kano, amma yakan ce gidansu yana da durumi a ƙofa da rijiya a cikin zaure na biyu, kuma daga soron gidan ana hango Dala. Durumin nan an sare shi ina ɗan shekara tara, rijiyar kuwa tana nan an rufe ta da siminti. Sa'an nan ya ce akwai abin da ya fi wannan, wato mahaifinsa ya gaya masa cewa tsohon, bayan kowace sallar asuba, yakan yi addu'a ga 'ya'yansa da sunayensu, kuma kullum da sunan wani yake farawa wanda ba ya cikin gidan, idan aka tambaye shi sai ya ce yayanku ne na Kano. Ya faɗi sunan, kuma sunana ne.

A hankali, cikin muryoyin da jikansa yake turowa, muka haɗa tafiyar. A Burmi, kusa da kogin Gongola a jihar Gombe ta yau, an yi yaƙin ranar 27 ga Yuli 1903, kakanmu ya samu rauni a cinya, wasu Fulani suka ɗauke shi suka yi jinyarsa, wanda ya ga faɗuwarsa kuwa ya dawo Kano da labarin mutuwa, kuma ba ƙarya ya yi da gangan ba. Da ya warke sai ya bi sauran masu hijira da suka ci gaba da tafiya gabas tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, garin da har yau yake ɗauke da sunan Mai Wurno. Ya sauke farali, ya dawo can ya zauna yana koyar da yara yana rubutu, ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyar. Dattijon bai san shekarar rasuwarsa da lamba ba, amma ya ce shekara biyu ce kafin sojojin Italiya su shiga Kasala, kuma da yake an san wannan ya faru a 1940, sai muka rubuta 1938 muka sa alamar cewa lissafi ne.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce yadda aka yi ya san sunan ɗan da aka haifa bayan tafiyarsa. Wani ne ya gaya masa, kuma wanda ya gaya masa ya san yana raye, amma a Kano babu wanda ya taɓa jin haka. Amsar ba ta Kano ba ce kuma ba ta Sudan ba ce, tana Kumasi. Kakan namu yana da ƙane wanda ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja tun yana saurayi, daga baya ya zauna a zangon Kumasi, kuma zumunci da zuriyarsa ya yi rauni har ya kusa yankewa. Wani reshe nasu ya dawo Nijeriya a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ƙasar Ghana ta kori baƙi marasa takardar zama, kuma ta hannun wata tsohuwa daga wannan reshe da ke zaune a Fagge muka samu lambar wata jikanyarsu da ta rage a can, ma'aikaciyar jinya, wadda ta girme ni da kaɗan. Na gaya mata abin da muke nema, ta ce, "Ƙanena, akwai wata adaka ta kakata da ba a buɗe ba tun rasuwarta, amma ni ba na karanta ajami." Na ce, "Yaya, ki ɗauki hoton duk abin da ke da rubutu, ko da lissafin goro ne."

Mafi yawansu lissafin goro ne kuwa, da sunayen masu bashi, da layu, da wata takardar haraji. Ta kwashe sati uku tana turo su da daddare bayan ta tashi daga aiki, malamin nan na Zariya yana karantawa, ƙanwata tana shigarwa a jadawali. A cikin hotunan dare na goma sha tara aka samu wata takarda da aka naɗe sau huɗu, wadda tun kafin a karanta ta na gane wutsiyar nun ɗin. Wasiƙa ce da Larabci, mai shekarar 1345, wato tsakanin 1926 da 1927, an rubuta a bayanta cewa a kai wa ɗan'uwansa a Kano ko a Gwanja, duk inda aka same shi, kuma alama ta nuna wani alhaji mai komawa gida ne ya ɗauko ta. A ciki ya ce yana raye, ya ce ya aika saƙo sau biyu a baya bai ji amsa ba, ya ce wani mahajjaci Bakano ya gaya masa cewa matarsa ta yi takaba ta yi wani aure ta haihu. Ya tambaya ko cikin da ya bari ya rayu, kuma namiji ne ko mace. Sa'an nan ya rubuta abin da malamin ya fassara mana haka: "Idan bayyanata za ta rushe gidan da Allah ya riga ya gina, to ka bar ni a cikin matattu, amma ka aiko mini da sunan abin da aka haifa."

Ƙanen ya aika da sunan, ya naɗe wasiƙar, ya yi shiru har ya mutu. Da farko na ji haushinsa ƙwarai, domin a lokacin da takardar nan ta isa hannunsa kakana yana da shekara ashirin da uku, kuma mahaifinsa ya ƙara rayuwa fiye da shekara goma bayan haka, lokacin da zai ishi saurayi ya kama hanya ya je ya durƙusa a gabansa. Amma da na zauna na auna abin da ke gaban mutumin, sai haushin ya ragu. Matar tana ɗakin wani miji da 'ya'ya huɗu, an raba gado tuntuni, kuma dawowar mijin farko da aka yi wa takaba magana ce da sai ta kai gaban alƙali, ta bar tabo a kan yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wannan mutum ya riƙe amanar da yayansa ya ɗora masa. Duk da haka ban iya cewa an yi wa kakana adalci ba, domin an kare mutuncin kowa a wannan shiru, shi kaɗai ne ya biya kuɗinsa ba tare da an tambaye shi ba.

Wadda na fi jin nauyin gaya wa ita ce Goggo, yayar mahaifina, wadda a lokacin ta kusa shekara casa'in, kuma ita kaɗai ta rage da ta san matar da aka bari, domin a ɗakinta ta tashi. Goggo ba ta faɗin sunana, Babana take ce mini. Na je da la'asar na tarar da ita a kan tabarma tana jan carbi, na kwashe labarin tun daga gafaka har wasiƙa, ina yi ina kallon fuskarta. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama sai ta ce, "Babana, a wane gari ka ce yake?" Na ce kusa da Sinnar. Sai ta ajiye carbin ta ce ai ta san sunan nan, domin lokacin da mahaifinta ya tafi aikin hajji ta ƙasa a 1953, tana da ɗa ɗaya a lokacin, guzurinsa ya ƙare a hanya, ya tsaya a Sinnar wata huɗu yana tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin ya samu kuɗin jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Ya dawo yana ba su labarin cewa akwai Hausawa da yawa a can, har an ce masa akwai garinsu a kusa, amma bai samu zuwa ba. Tsakanin inda ya yi wata huɗun nan da kabarin mahaifinsa da gidan ƙannensa biyar bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba.

Na zaci za ta yi kuka ko ta ƙi yarda, domin labarin shahadar nan da shi ta rene mu. Abin da ta ce shi ne, wanda ya fita don Allah ya mutu a hanyarsa, ladansa yana wurin Allah ko a Burmi ya faɗi ko a gaba da Burmi. Sa'an nan ta faɗi abin da ba ya cikin jadawalinmu, ta ce kakarta, har ta tsufa, idan aka ce ga alhazan ƙasa sun dawo, takan sa mayafi ta je ta yi musu barka ko ba ta san su ba, ta zauna ta yi ta tambayar su waɗanda suka gani a hanya. Goggo ta ce a da tana ɗauka son labari ne kawai. Ƙanwata ta tambaye ni a wane layi za a sa wannan, na ce a sa shi a abin da aka ji daga bakin Goggo, kada a ƙara masa fassara, domin ba mu da ikon faɗin abin da ke zuciyar matar da ta riga mu gidan gaskiya.

Mun haɗa Goggo da dattijon Mai Wurno ta waya ranar wata Juma'a. Ita jikar tsohon ce, shi ma jikansa ne, ba su taɓa sanin da zaman juna ba. Ya ce mata Yaya, ta ce masa ƙanena, suka yi ta gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da, ta tambaye shi gida da iyali da ruwa da gona, shi kuma ya tambaye ta ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, domin kakansa yakan ambace ta. Daga baya muka tara kuɗi don a kawo shi Kano ya ga gidan, aka fara maganar fasfo, jikansa kuma ya ɗauki alkawarin ɗaukar hoton littafin fiƙihun nan warƙa bayan warƙa duk lokacin da ya je hutu, tare da wasu takardu da ke cikin buhun fata ɗaya da shi. Goggo ta rasu a damina ta 2022, kafin a gama shirin.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. Da farko yana Khartum, suna ce mana su lafiya lau, amma a watan Disamba na shekarar ya kai Wad Madani, saurayin ya gudo gida, sa'an nan a tsakiyar 2024 ya shiga jihar Sinnar, wayoyinsu duka suka daina shiga. Wata biyar muna tura saƙo ba ya isa, Yaya ta Kumasi tana kira na kusan kowane dare ta tambaya ko an ji wani abu, aka yi saukar Alƙur'ani a Kano da Kumasi rana ɗaya. A watan Nuwamba sai ga murya daga wata baƙuwar lamba, saurayin ne yake magana daga Gadarif. Ya ce sun fito da ƙafa da keken jaki, kakansa yana raye amma ya rame ƙwarai, kuma tsohon ya ƙi barin buhun fatar, ya ɗaura shi a cikinsa a ƙarƙashin jallabiya har suka iso. Ruwan sama ya taɓa gefen wasu warƙoƙin a hanya. Kafin yaƙin ya riga ya turo mana hoton warƙa ɗari da arba'in, saura sittin da wani abu, da takardu bakwai da ba a buɗe ba, waɗanda dattijon yake zaton amsar da ta zo daga Kumasi tana cikinsu. Mun aika musu da kuɗin abinci da na magani da na wata wayar, na kuma gaya wa saurayin ya fara da takardu bakwan nan idan ya samu wuta da intanet, ya haska fitila daga gefe kamar yadda malamin Zariya ya koya mana.